Ƙanena siriri ne amma an ce yana da suga, wai tamowar yarinta ce ta jawo?

Uwar Biyu, Tudun Jukun

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah masu ilimin lafiya ku taimaka min, abin nan ya tsaya min a rai tun shekaranjiya.

Ƙanena ne, shekararsa 23, ɗinki yake yi a Sabon Gari. Tun bayan ƙaramar salla muka ga yana ta zubewa, ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, da dare ya tashi fitsari sau biyar sau shida. Mama ta ce shawara ce, aka jiƙa masa saiwa. Wasu suka ce basir, aka sayo na kwalba. Ranar da na shiga makewayi na tarar tururuwa ta yi dandazo a inda ya yi fitsari, ranar hankalina ya tashi. Washegari muka kai shi asibiti bai karya ba, aka soki yatsarsa, na'ura ta nuna 290. Likita ya ce suga ne.

Mu dai a saninmu ciwon suga na masu ƙiba ne da masu hali. Yaron nan kuwa kamar sillen kara yake, kuma a danginmu ta wajen uwa da ta wajen uba ba mu san mai shi ba. Cikin tambayoyi sai likitan ya dubi Mama ya ce, "Yana ƙarami ya taɓa yin tamowa?" Mama ta yi jim, ta ce e, bayan yaye ya yi ƙyanda, daga nan ya lalace, ƙafafu suka kumbura, gashi ya yi ja, sai da suka kusa wata a kwance. Likita ya rubuta, bai ƙara cewa komai ba, layi ya yi tsawo a waje.

Abin da ya hana ni barci shi ne 'yata ta biyu. Watanta 14, kuma ran awo da aka zagaya mata tef ɗin nan mai launi a damtse, a kan ruwan ɗorawa ya tsaya. Abin da ya sami kawunta ne ke jiranta?

Baban Yara, Kwarbai

Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Ku samo masa shuwaka da garahuni a riƙa dafa masa yana sha safe da yamma, ya bar shinkafa ya koma tuwon alkama. Maƙwabcina haka ya yi kuma ya ji daɗi.

Anti Nas, Gyallesu

Amin. Baban Yara ka yi haƙuri, na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, amma saurayi ɗan 23 da ke ramewa, suga 290 ba a ci komai ba, wannan ya wuce jiƙe-jiƙe. Mai lafiya in ya kwana bai ci ba, ƙasa da 100 ake gani. Daga 126 zuwa sama, in an maimaita an sake samu, shi ne ake cewa ciwon suga. To ka ga inda yaron yake. Alkama kuma ita ma sitaci ce, in ya cika kwano da tuwonta sugan zai hau kamar yadda zai hau da na shinkafa.

Uwar Biyu, ki riƙe wannan da kyau: in ya fara amai, ko ciwon ciki, ko numfashi da sauri da zurfi, ko barcin da ba a iya ta da shi sosai, kada ku jira gari ya waye, ku nufi sashen gaggawa ko da tsakar dare ne.

Likitan Yara, Shika

Uwar Biyu sannu da ƙoƙari, Allah ya ba shi lafiya. Daga nan ba zan iya ce miki ga irin sugan da ke jikinsa ba, wannan aikin likitan da ya duba shi ne da gwaje-gwajen da zai sa a yi. Amma tambayar da ya yi wa Mama tana da tushe.

A bayan tumbi akwai wata gaɓa da muke ce wa fankiriyas, ita ke fitar da insulin, shi kuma insulin shi ke buɗe wa suga ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. A ciwon suga nau'i na 1, garkuwar jiki ce ke kashe ƙwayoyin da ke yin insulin ɗin, galibi a yara da matasa, kuma ba makawa sai allura. Kafin a gano insulin a Toronto ta Kanada a 1921, irin waɗannan yara ba sa daɗewa. Nau'i na 2 shi ne wanda kika sani, ya fi yawa nesa ba kusa ba: jiki na yin insulin amma ya daina jin maganarsa, ƙiba da yawan zama na ƙara masa ƙarfi.

To tun a 1955 wani likita a Jamaika ya rubuta cewa yana ganin wasu matasa sirara, 'ya'yan talakawa, da ba su zauna daidai a ko ɗaya cikin biyun ba. Aka ci gaba da ganin irinsu a Indiya da ƙasashen Afirka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba abin gurbi a 1985 da sunan sugan da ke da alaƙa da ƙarancin abinci, sai ta cire shi a 1999 don hujjar ba ta yi ƙwari ba a lokacin. A watan Afrilun 2025, a taronta na Bankok, Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta karɓe shi da sunan nau'i na 5. Abin da ake gani a jikinsu shi ne gaɓar nan ba ta samu ta ginu sosai ba tun suna ciki ko suna ƙanana, sai ta kasa fitar da insulin isasshe. Jikin kuwa yana jin insulin sarai. Shi ya sa in aka ɗura musu da yawa, ga abinci ba ya isa, sugan kan faɗi ƙasa warwas, kuma wannan ma yana kisa.

Akwai kuma wata hujja ta daban. A hunturun 1944 zuwa 1945 sojojin Jamus sun toshe hanyar abinci a yammacin Holan, aka yi yunwa mai tsanani. Da aka bibiyi waɗanda suke cikin uwayensu a watannin nan, bayan sun kai shekara 50, sai aka tarar jikinsu bai iya sarrafa suga kamar na waɗanda aka haifa kafin yunwar ko bayanta. Mu ma a gida an yi irinsa. A 2010 aka wallafa binciken da aka yi a Inugu kan mutum 1,339 da aka haifa tsakanin 1965 da 1973. Waɗanda aka yi cikinsu ko goyonsu a tsakiyar yunwar yaƙin basasa sun fi sauran hawan jini da yawan suga da ƙiba, shekara 40 bayan an ajiye bindiga.

Game da 'yarki, ki kwantar da hankalinki ki tashi tsaye. Duk waɗannan bincike cewa suke haɗari ya ƙaru, ba su ce an yanke hukunci ba. Ruwan ɗorawa a tef na nufin damtsen yana tsakanin santimita 11.5 da 12.5, ja shi ne ƙasa da 11.5. Ba ta kai ja ba. Kuma daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara 2, kwana 1,000 ke nan, nan ne jiki da ƙwaƙwalwa suka fi karɓar gini. Kina da sauran wata 10 a hannunki.

Ɗan Ƙofar Doka

Likita da girmanka, amma ni duk lokacin da na ji an ce "bincike ya nuna" sai jikina ya yi sanyi. Holan, Jamaika, Bankok. Su wa suka yi, da kuɗin wa, don amfanin wa? Kun manta Kano a 1996? Ana tsakiyar annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya zo ya gwada sabon maganinsa Trovan a kan yara, 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka kurmance wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ba ne. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Yau a ce sabon nau'in suga, gobe a kawo sabon magani a ce a gwada a kanmu.

Baban Yara, Kwarbai

Gaskiya ka faɗa. Shi ya sa nake cewa a riƙe na gargajiya.

Malam na Kongo

Ɗan Ƙofar Doka, abin da ka faɗa ya faru, kuma babu mai hankalin da zai ce a manta. Kamfanin ya dage cewa sanƙarau ɗin ne ya kashe yaran, amma kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa ya ce gwajin ya saɓa ƙa'ida. Ni a wajena laifin da ba ya wankuwa shi ne na rashin neman yardar iyaye yadda ya kamata.

Sai dai mu duba abin da tsoron ya jawo mana. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da Zamfara da nan Kaduna, aka ce akwai maganin hana haihuwa a ciki. Kano ba ta dawo ba sai a Yulin 2004, bayan an kawo na Indonesiya. Kafin nan cutar ta bazu, ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Wa ya biya? Yaran da muke gani a kan keken guragu a Kwangila da PZ, yanzu sun zama samari. Ba kamfani ne ya gurgunce ba. Da aka dage da ɗigon nan, na ƙarshe da ƙwayar shan inna ta asali ta kama a Najeriya a Borno ne a 2016, kuma ranar 25 ga Agustan 2020 aka bayyana Afirka ta rabu da ita. Matan da aka ɗiga wa suna yara ga su nan a gidajenmu suna ta haihuwa.

Trovan ma maganin kashe ƙwayar cuta ne, ba rigakafi ba. Darasin da na ɗauka daga Kano shi ne mu iya tambaya: wa ya ba da izini, NAFDAC ta sani, kwamitin ɗa'a ya duba, an karanta min da Hausa na gane, ina da damar in ce a'a? Wanda ya san waɗannan ya fi wanda ya rufe ƙofa kawai tsira.

Ɗan Ƙofar Doka

Malam na ji, kuma batun shan inna ban musa ba, akwai ɗan yayata da ke jan ƙafa. Amma talakan da bai iya karatu ba, ɗansa na suma a hannunsa, ta ina zai tsaya tambayar kwamiti? Wannan nauyin a kan masu farar riga yake.

Likitan Yara, Shika

Na karɓa, a kanmu yake, kuma gara ku riƙa tuna mana. Abin da kawai zan ƙara shi ne ba duk bincike ne baƙo ba. Garin nan namu na Zariya yana cikin wuraren da duniya ta koyi abubuwa da yawa. Brian Greenwood ya shafe kusan shekara 10 a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970 yana aiki a kan sanƙarau kafin ya koma Gambiya. Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya, aka wallafa a 1985, ya nuna yadda rashin zuwa awo da ɗaukar ciki da ƙuruciya ke cin rayukan mata. Kakanninmu da iyayenmu ne a cikin waɗannan lissafin. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kashe fiye da mutum 11,000 a ƙasar nan. Allurar rigakafin sanƙarau mai suna MenAfriVac ta iso a 2011, kuma tun daga nan nau'in A, wanda shi ke kawo manyan annobar bazara, ya kusa ɓacewa. A 2024 Najeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke tare nau'i 5 na sanƙarau.

Hajiya Babba, Ƙofar Gayan

'Ya'yana ina ta karanta ku, jikata ce ke taya ni rubutu. Ni na haifi 9, na yi wankan jego da ruwa mai tafasa da ganyen darbejiya, na sha kunun kanwa kwana 40, na kwanta a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Yanzu an ce duk wannan ciwon zuciya yake sawa. An ce kada a ba jariri ruwa har wata 6, a zafin Zariya na watan Afrilu? An ce dakashi da muke matsewa mu zubar shi ne magani. To mu da wa aka raine ku?

Anti Nas, Gyallesu

Hajiya ranki ya daɗe, Allah ya ƙara girma, ba wanda ya isa ya raina wahalarku. Amma zan yi miki tambaya da ladabi, cikin 9 nawa suka rayu? Ni mahaifiyata ta haifi 10, mu 6 muka tashi. Biyu gudawa ce ta tafi da su kafin yaye, ana cewa haƙori ne, ana shafa magani a maɗiga don ta faɗa. Faɗawar maɗigar nan ƙarewar ruwan jiki ce, ruwan gishiri da suga da ƙwayar zink ne maganinta.

Nonon uwa kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ne, ko a bazara ya ishi jariri, uwar ce za ta yawaita sha. Cikin jariri ɗan mitsitsi ne, in ruwa ya cika shi nono ya rasa wuri, ga ƙwayar cutar da ke biyo ruwan randa. Dakashi kuwa kaurinsa da launinsa duk garkuwa ce, ita ce ta farko da yaro ke samu. Zuma ma a bari sai ya shekara.

Hajiya Babba, Ƙofar Gayan

Shida suka rayu. Allah ya jiƙan sauran. Na ji 'yata.

Likitan Yara, Shika

Amin Hajiya, Allah ya sa masu ceto ne. Batun kunun kanwa kuwa kina da 'yar gaskiya a hannunki, kuma labarin na garin nan ne. A 1978 Davidson da Parry suka wallafa bincike kan mata 224 da zuciyarsu ta kasa bayan haihuwa a Zariya, suka danganta abin da yawan gishirin kanwa da zafin wanka da gadon wuta. Shekara da shekaru haka ake koyarwa a makarantun likita. Sai likitocin zuciya na Najeriya, ƙarƙashin Farfesa Kamilu Karaye na Kano, suka tattara marasa lafiya daga asibitoci da dama, a 2020 suka ce abin da suka ga ya fi tafiya da ciwon shi ne ramar uwa, da hawan jinin ciki, da rashin karatu da rashin abin yi, ba su ga wankan da kunun sun tsaya da ƙafarsu a matsayin dalili ba. Har yanzu mai jegon da ke da hawan jini ko kumburi ina hana ta kanwa, don gishiri gishiri ne. Amma kin ga, an sake dawowa kan abincin uwa.

Uwar Biyu, Tudun Jukun

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To ni yanzu me zan ba ta? Kunun gero take sha safe da rana, da dare ɗan tuwo in ta yarda. Tana shan nono har yanzu, amma uwar mijina ta ce in yaye ta ko za ta fi cin abinci. Gwangwanin nan na kanti wallahi ba mu da halinsa.

Ma'aikacin Gona, Samaru

Yaya kada ki damu da gwangwani. Yawanci matsalar ba rashin kunu ba ce, tsinkewarsa ce. Kunun da za ki ɗebo a cokali ya zube kamar ruwa, ciki zai cika amma ba abin da ya shiga. Ki dama shi da kauri yadda zai tsaya a cokali.

Ga yadda maiɗakina ke yi. Gero ko dawa ko masara gwangwani 3, waken suya 1, gyaɗa 1. A tsince, a soya kowanne daban sama-sama har ya yi ƙamshi, waken suyan a murje a fece ɓawon, a haɗa a kai inji. In za a dama a zuba ƙaramin cokali na manja ko man gyaɗa, ran da aka samu a daka busasshen kifi ko garin zogale a barbaɗa. Zogalen a inuwa ake shanya shi. In kin samu masara mai ruwan lemu, irin da aka inganta da bitamin A, ko dankalin Hausa mai jan ciki, ki saya, cibiyarmu ta binciken noma nan Samaru na cikin masu fitar da irin masarar. Kabewa da gwanda da mangwaro ma suna yin wannan aikin.

Abu ɗaya da nake roƙo: gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna, ko ta yanƙwane ta yi ɗaci, a zubar, kada a ce asara. Akwai gubar da ke cikinta mai suna afulatoksin, soyawa ba ta kashe ta, tana taɓa hanta kuma an danganta ta da tsumburewar yara.

Anti Nas, Gyallesu

Kada ki yaye ta yanzu, yaron da ke kan ruwan ɗorawa yaye na iya tura shi ja. Ki gaya wa Inna da lalama, ko a Alƙur'ani, Suratul Baƙara aya ta 233, shekara biyu cikakku aka ambata. Abinci sau 3 zuwa 4 a rana, da ɗan abin taɓawa sau 1 ko 2 a tsakani. Ki ba ta kwanonta daban ki zauna da ita, in tana ci da yayarta a kwano ɗaya ba za ki san abin da ya shiga cikinta ba. In kika danna bayan ƙafarta da yatsa wurin ya lotsa bai taso ba, ko ta ƙi cin komai, ki kai ta a ranar. Masu ja ana ba su abincin tamowa na leda, irin su Plumpy'Nut, kowace leda na da kalori 500. Magani ne na yaron da aka rubuta wa, ba na rabawa 'yan gida ba, ba kuma na kaiwa kasuwa ba, abin da ke ƙona min rai ke nan in na gan shi a tire.

Baban Yara, Kwarbai

Ƙwai fa? Mu an ce mana yana sa yaro sata.

Likitan Yara, Shika

Ba ya sawa, Baban Yara, a ba su. A Ekwado an ba jarirai 'yan wata 6 zuwa 9 ƙwai ɗaya kullum har wata 6, a 2017 aka bayyana cewa tsumburewa ta ragu da kashi 47 cikin 100. Da aka maimaita a Malawi ba a ga ƙarin tsawo ba, kuma masu binciken ba su ɓoye ba, suka wallafa hakan. Ɗaya daga bayanan da suka kawo shi ne yaran can bakin tafki suke, dama suna samun kifi. Namu da yawa ba kifi ba nama sai kunu, don haka ƙwai ko sau 3 a mako ba ƙaramin abu ba ne. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, kuma Arewa maso Yamma ce ta fi kowane yanki.

Akwai kuma abin da ba a saya da kuɗi. A Jamaika a 1986 aka ɗauki yara 129 da suka tsumbure. Wasu cikinsu ma'aikaciya na zuwa gidansu sau ɗaya a mako har shekara 2, tana koya wa uwa wasa da yaro da yi masa magana, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 abin da waɗannan ke samu a sana'a ya fi na waɗanda ba a ziyarta ba da kusan kashi 25 cikin 100. In kina tuƙa tuwo tana goye, ki riƙa gaya mata sunan abin da ke hannunki, ki yi mata tawai da waƙa, ki ba ta murfi da gwangwani ta buga.

Uwar Biyu, tambaya ɗaya: katinta na allura ya cika?

Uwar Biyu, Tudun Jukun

Gaskiya likita bai cika ba. An yi mata ta haihuwa da ta sati 6 da 10 da 14. Bayan ta ƙarshen ta yi zazzaɓi kwana 2, cinyar ta kumbura, ta kwana kuka. Babanta ya ce an gama, ba za a ƙara taɓa masa 'ya ba. Ta wata 9 ba a yi ba.

Likitan Yara, Shika

To nan ne na fi jin tsoro, fiye da sugan da kike hange shekara 20 nan gaba. Ta wata 9 ita ce ta ƙyanda, tare da ta shawara da ta sanƙarau, sai a maimaita ta ƙyanda a wata 15. Ki sake karanta abin da kika rubuta da farko: ƙanenki ƙyanda ya fara yi, sannan ya lalace. Haka take yi. Tana cinye bitamin A na jiki, ta feso gyambo a baki yaro ya kasa ci, ta kawo gudawa da ciwon huhu. A 2019 aka auna jinin yara a Holan kafin su yi ƙyanda da bayan sun yi, aka tarar ta goge tsakanin kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na garkuwar da suka tara ta wasu cututtuka. Shi ya sa yaro kan warke daga ƙyanda ya yi ta ciwo bayan ciwo. Mai ƙarancin abinci kuma ita ta fi kayarwa.

Zazzaɓin kwana 1 ko 2 bayan allurar penta, wato ta sati 6 da 10 da 14 ɗin nan, sananne ne, jiki ne ke koyon faɗa, farasitamol na yara da yawan nono sun isa. Ita wannan allurar ce ke tare mashaƙo, wanda ya ɓarke a Kano tun ƙarshen 2022 ya ci yara da yawa, galibinsu ba a yi musu ita ba. Ba a makara ba, kuma ba sai an faro daga farko ba, daga inda aka tsaya za a ɗora.

Ɗan Ƙofar Doka

Yaya, in maigidan zai saurari namiji ɗan'uwansa, ki nuna masa abin da na rubuta a sama don ya san ni ma ba mai saurin yarda ba ne, sannan ki nuna masa wannan. Nawa ukun duk an yi musu ta ƙyanda, da ƙafata na kai su, na tsaya na ga an ciro kwalbar daga akwatin sanyi, na karanta ranar lalacewarta. Ya je ya tsaya a kai shi ma.

Hajiya Babba, Ƙofar Gayan

In ya ƙi, ki sa uwarsa a gaba. Ki ce mata wata tsohuwa ta ce cikin ukun da ta binne, biyu ƙyanda ce.

Uwar Biyu, Tudun Jukun

Assalamu alaikum, na dawo da labari. Na karanta wa babanta duka ran Juma'a da dare, bai ce komai ba. Talata da safe ya ce in ɗauko katin, shi ya kai mu a mashin. An yi mata, an ɗiga mata bitamin A, an ce mu dawo awo bayan sati 2. Na kai niƙan garin, ta sha da manja, rabin kofi dai ta sha amma da kauri.

Ƙanena kuma an ɗora shi a kan allurar insulin kaɗan, an ce ya riƙa awo yana rubutawa a littafi, ya riƙa yawo da suga ko alewa a aljihu saboda in ya ji rawar jiki da gumi, su koma bayan sati 2. Damuwarmu yanzu wuta. Firjin maƙwabta ne, kuma sai a kwana 2 ba a kawo ba. Ya za mu yi da kwalbar?

Anti Nas, Gyallesu

Alhamdu lillahi, Allah ya yi wa maigidan albarka. Kwalbar da ba a buɗe ba ita ke son firji, don haka kada ku tara, ku riƙa sayen ɗaya ɗaya a wurin da kuka tabbata suna da sanyi. Kada a sa ta a gidan ƙanƙara, in ta daskare ta lalace. Wadda aka fara amfani da ita tana kai sati 4 ba firji in an kare ta daga rana da zafi. Ƙungiyar likitocin MSF da Jami'ar Janeba sun gwada haka da irin zafin sansanin 'yan gudun hijira a Kenya, mai hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, suka wallafa a 2021 cewa ƙarfinta bai ragu ba.

Ku samo tukunyar ƙasa babba da ƙarama, a sa ƙaramar cikin babbar, a cika tsakaninsu da yashi a jiƙa shi. Kwalbar a sa ta a roba mai murfi don kada ruwa ya taɓa ta, a ajiye cikin ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a kai lungun da iska ke shiga ba rana. Safe da yamma a ƙara wa yashin ruwa. Ya rubuta ranar da ya buɗe a jikin kwalin. Kada ya bar ta a shago kusa da dutsen guga ko cikin aljihun mashin, kuma in ya ga ta yi gudaji ko launinta ya sauya ya kai wa mai magani ya duba kafin ya yi allurar.